Rasuwar Siriri, Buroshin Ido na Baba

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, iyalan ɗakin zane da ke bayan gidanmu suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama a kujerar bakin taga aka zana fuskarsa, rasuwar dattijonsu kuma abokin aikinsu, buroshin ido na Baba, wanda aka fi sani da Siriri. Ya rasu ranar Litinin da hantsi, a cikin kofin shayi mai tsagaggen baki, bayan shekara ashirin da uku a bakin aiki. Ya girme ni da shekara shida. Ban san ko ya halatta a yi wa buroshi irin addu'ar da ake yi wa mutane ba. Na tambayi Gwaggo, ta ce in tashi mata daga gaba. Saboda haka na bar gurbin addu'ar a buɗe, kowa ya cike da abin da ya ga ya dace.

Mai shi bai sani ba tukuna. Baba yana asibiti a wani gari tun ranar Lahadi, shi da Mama, an cire masa yanar ido. Ranar Alhamis zai dawo. Yau Laraba.

Marigayin ba a kanti aka sayo shi ba. Maigidan Baba ne ya haɗa shi da hannunsa, wato tsohon da ya koya masa zane. Ya tsinci gashin jelar kurege ɗaya bayan ɗaya, ya jera su, ya ɗaure da zare, ya sa gam, ya matse da ɗan zoben ƙarfe, ya kafa a kan mariƙin icce wanda bai kai kaurin fensir ba. Ranar da ya yaye Baba ya miƙa masa shi. Tsohon ya daɗe da rasuwa, kuma bai bar wa kowa sirrin ɗaurin ba. A gindin mariƙin akwai sawun haƙoran Baba guda huɗu, domin a nan yake cije shi idan yana kallon fuska yana tunani.

Duk wanda ya san marigayin ya san shi da kamun kai. Bai taɓa shafa bango ba, bai taɓa cike riga ko hula ba, bai taɓa shiga gwangwanin kananzir inda manyan burosai suke kwana a tsaye kamar masu jiran mota ba. Waɗancan su ne 'yan ƙwadago. Su suke shimfiɗa launin baya, su yi kafaɗa, su yi goshi da kumatu, su yi leɓe. Sai an gama komai, fenti ya sha iska kwana da kwanaki, sannan Baba ya wanke hannu, ya rufe ƙofa, ya buɗe tsohon gidan tabarau da ke cikin aljihun tebur, ya ɗauko Siriri daga kan audugarsa. Aikinsa ɗaya ne a duniya: ido.

Na sha leƙe ta kafar ƙofa, saboda haka zan iya ba da shaida. Farin ido ba fari ba ne, in ji Baba. Yakan karya shi da ɗan shuɗi da ɗan ruwan ƙasa har sai ya yi kamar madarar da ta kwana. Sai ƙwayar idon, sai inuwar da fatar sama take jefawa a kanta, siririya kamar zare. Daga ƙarshe sai ya sa gashin marigayin tsakanin leɓɓansa ya ja shi har ya yi tsini, ya taɓa farin fenti, ya ɗauke numfashi, ya ɗiga ɗigo guda a gefen ƙwayar. Daga wannan ɗigon mutumin da ke jikin ƙyallen yake fara kallonka. Na taɓa ganin wata mata ta zo karɓar zanen mijinta da ya rasu, aka yaye mayafin, ta gyara ɗankwalinta.

Marigayin ba mai surutu ba ne. Abin da aka sani na muryarsa kaɗan ne. Akwai "sss" ɗin da yake yi a kan ƙyalle, wanda ba ka ji sai fanka tana kashe. Akwai "ƙal, ƙal" sau biyu, idan Baba ya buga mariƙinsa a bakin kwalbar mai alamar an gama. Idan muka ji wannan daga tsakar gida, Mama takan ce, "To, an buɗe wa wani ido, a zuba abinci."

Ruwa bai taɓa taɓa shi ba. A riƙe wannan, domin a kansa maganar take. Idan ya gama aiki Baba yakan goge shi a tsumma mai laushi, ya tsoma shi a man zane, ya sake gogewa, ya sake tsomawa, har sai tsumman ya daina kama launi. Sannan ya daidaita masa tsini ya kwantar da shi. Ban taɓa tambayar dalili ba. A gidanmu ba a tambayar Baba dalili idan yana ɗakin nan.

Wata bakwai ke nan marigayin yana hutun dole. Idon Baba ya fara yin hayaƙi. Goshi yana iya yi, kumatu yana iya yi, amma da ya matso kusa don ido sai komai ya narke masa. Waɗanda suka ba da aikin zane suka yi ta sintiri. Wani mahauci ya ce a yi masa ko yaya ne, shi ba ya da tsirfa. Baba ya ce, "Ba zan yi wa mutum ido da lalube ba. In kana sauri ɗauki abinka haka." Mahaucin ya dubi fuskarsa, da gemunsa da komai, da fili biyu launin fata inda ya kamata ido ya kasance. Ya ce zai jira.

Haka suka taru har goma sha ɗaya, a jingine a bango, suna jiran a yi wa Baba aiki.

Game da gajeriyar rashin lafiyar da ta yi ajalinsa, iyalai sun so a taƙaita. Ni ce iyalan, kuma na gwada taƙaitawa sau uku, takardun suna cikin kwandon shara.

Da Baba zai tafi ya ba ni makullin ɗakin, abin da bai taɓa ba kowa ba. Ya ce, "Malama," haka yake kirana saboda kullum hancina yana cikin littafi, "ki share, ki buɗe taga da safe. Kada ki taɓa abin da ba tsintsiya ba." Na ce to.

Akwai wani littafi da na aro a laburaren makaranta, mai bayanin kayan zane, da hotuna masu sheƙi. A shafi na arba'in an rubuta cewa buroshin da ba a wanke shi da sabulu da ruwa mai ɗumi, fenti yana taruwa a gindin gashinsa har ya kashe shi. Na karanta wannan ranar Lahadi da yamma, na kasa cire shi daga raina. Litinin da safe na share ɗakin, na buɗe taga, na tsaya. Aljihun teburin ba ya da makulli. Na buɗe gidan tabarau don in duba kawai. Gashin ya yi duhu, yana maiƙo, yana warin tsohon mai. Shekara ashirin da uku ba wanka. Na ce a raina, Baba zai dawo da sabon ido, ya kamata ya tarar da abokinsa fes. Har na hango yadda zai ɗaga shi a hasken taga ya ce, "Wa ya yi wannan?" ni kuma in sunkuyar da kai.

Littafin ya ce ruwa mai ɗumi. Abin da ke kusa shi ne ruwan fulas ɗin Gwaggo, wanda ta tafasa don shayi. Na zuba a kofi, na barbaɗa garin sabulu, na tsoma marigayin da ka, na jingina mariƙinsa a bakin kofin. Na ce bari ya jiƙa, kafin nan in karanta babi ɗaya na wani labari da nake tsakiyarsa. Babi huɗu na karanta.

Da na dawo ruwan ya huce. A samansa akwai wasu 'yan siraran abubuwa suna yawo a hankali, kamar gashin ido. Na ɗauka datti ne ya fita, har na ji daɗi. Na kama mariƙin na ɗaga. Sauran gashin ya zame daga cikin zoben gaba ɗaya, a dunƙule, ya koma cikin kofin. "Tsul." Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe.

Daga baya na buɗe shafi na arba'in da ɗaya. A layin farko an rubuta cewa kada a kuskura a yi amfani da ruwan zafi, domin yana narkar da gam, kuma kada a taɓa barin buroshi a tsaye a kan gashinsa. Ina roƙon masu buga littattafai su riƙa sa irin wannan magana a shafi ɗaya da 'yar'uwarta.

An yi iya ƙoƙari don ceto ransa. Na tace ruwan da matacin shayi, na shanya gashin a kan farar takarda, na rufe taga don kada iska ta kwashe. Sannan na kira Yaya, wanda yake gyaran waya a bakin titi, ya zo da ɗan hantsakinsa da gam mai kamawa nan take. A bakin ƙofar ɗakin ya tsaya.

Dole in yi bayanin wannan tsayuwar. Shekara tara da suka wuce Yaya ya ture kwalbar mai a kan wani zane da aka kusa gamawa, ya ce mage ce. Baba bai daka masa tsawa ba, bai ɗaga hannu ba. Baba ba ya faɗa. Ya dube shi kawai, ya ce, "To." Tun daga ranar bai sake ce masa shigo ba. Suna gaisawa, suna cin abinci a tabarma ɗaya, suna hirar ƙwallo. Amma idan Yaya ya kawo masa saƙo ɗakin zane, daga dokin ƙofa yake miƙawa.

"Shigo mana," na ce. "Ba ya nan."

Ya shigo da ƙafar dama kamar mai shiga ruwan sanyi. Ya dubi fuskokin nan goma sha ɗaya, ya ce, "Ke a cikin waɗannan kike shara? Ai gara da ba su da idon, da sun ba da shaida."

Awa biyu ya yi a sunkuye yana cusa gashi cikin zobe. Da gam ɗin ya kama, abin da ya fito ya yi tauri kamar ƙaya, ya karkace gefe guda, rabin gashin kuma ya manne a babban yatsansa. Ya ɗaga shi a haske ya juya. "Malama," ya ce, "wannan sai dai sakace."

Gwaggo, yayar Baba, wadda ta zo zama da mu, ta leƙo neman fulas ɗinta. Ta ji bayani har ƙarshe tana tsaye da hannu a ƙugu.

"Ki ce ɓera ne," ta ce. "Ɓera ba ya zuwa ya kare kansa."

"Ɓeran da ya ja aljihun tebur, ya buɗe gidan tabarau, ya kawo sabulu?" in ji Yaya.

"Kai rufe mini baki, mai mage. Da ka iya ƙarya da yanzu kana ciki."

Da ta fita na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba. Na ce, "Yaya, don ka zubar da man ne, ko don ka ce mage ce?"

Ya daɗe yana ɓanɓarar gam daga yatsansa. "Shekara tara ina wannan lissafin," ya ce. "Ban sani ba."

Ranar Talata aka shiga mataki na biyu, wanda ba na alfahari da shi. Yaya ya sayo buroshi mafi siranta a kantin kayan makaranta, mai gashin roba. Muka kankare jan fentin mariƙinsa, muka jiƙa shi a shayi ya yi duhu, muka shafa masa mai. Ni da bakina na cije gindinsa sau huɗu. Daga nesa, ga mutumin da aka yi wa aikin ido shekaranjiya, zai iya wucewa. Na gwada shi a takarda, ya ja layi ba laifi. Sai wata zuciyar ta ce mini takarda daban, ƙyalle daban, in ba a gwada a inda zai yi aiki ba ai ba a gwada ba.

Saboda haka iyalai suna kuma sanar da cewa akwai wadda ta ji rauni. Ita ce tsohuwar shugabar makaranta, wadda ɗalibanta suka sa a zana musu ita, kuma ita ce ta ƙarshe da Baba ya gama wa komai ban da ido, kwana biyu kafin ya tafi. Na zaɓe ta ne don tana kusa da taga. Na yi duk abin da na gani ta kafar ƙofa, har ɗauke numfashin. Amma na manta ban karya farin ba, na sa shi yadda ya fito daga tubun fenti. Gashin robar kuma ba ya lanƙwasa, ture fenti yake yi. Inuwar fatar ido ta ƙi fita siririya, na goge ta. Da na ja baya, sai ga ido ɗaya, na hagu, a buɗe warwar, fari fat, irin na wanda ya shigo ɗaki ya kama ka da hannu a tukunya. Na dangwalo kananzir a tsumma don in share. Fentin kuncinta bai gama bushewa ba, ya biyo tsumman. Na tsaya cak. Idon yana nan.

Na juya ta ta fuskanci bango. Bai rage komai ba. Na san ta inda yake.

Marigayin ya rasu ya bar fuskoki goma marasa ido da guda mai ido ɗaya. Cikinsu akwai mahaucin da ya ce zai jira, da wasu ango da amarya da suka riga suka haihu, da wani direban jirgin ƙasa mai ritaya, da jaririya a cikin farin tawul wadda ban san labarinta ba, kuma Baba ya ce kada in tambaya. Ya bar manyan burosai tara a cikin kananzir, waɗanda ba su nuna alamar damuwa ba. Ya bar wuƙar haɗa launi, da allon da take haɗawa a kai, da kwalbar mai, da tsumman da ya yi masa hidima tsawon shekaru. Ya bar mai shi.

Jiya da la'asar mai shi ya bugo waya. Muryarsa wasai, ban taɓa jin ta haka ba.

"Malama, an cire bandeji. Na ga uwarki yau. Ashe tsufa ta yi ba wanda ya gaya mini."

Na jiyo Mama daga gefe tana cewa a mayar masa da yanar.

"Ya ɗakina?"

"Lafiya lau, Baba."

"Kina buɗe taga?"

"Ina buɗewa."

"Madalla. Ki gaya wa mutanen nan na bango su ƙara haƙuri, an kusa." Sannan ya ce, "Ina kwance a nan ina tunani. Na san kina leƙe ta ƙofa, tun kina 'yar mitsitsiya nake jin numfashinki. In na dawo, ranar da zan yi na farko, ki shigo ki tsaya a gefena. Zan ba ki Siriri ki riƙe, ki ji nauyinsa. Kin kai."

Na ce na gode. Ya ce me ya sami muryata. Na ce layin ne.

Na koma ɗakin na zauna a kujerar bakin taga, inda waɗanda ake zanawa suke zama. Daga nan ana ganin komai: ƙafa-ukun da ake ɗora zane, da teburin, da ɗigon fenti na shekaru a ƙasa wanda tsintsiya ba ta ɗauka. Tun ina aji ɗaya nake shigowa nan da littafina, in rakuɓe a lungu, Baba yana aiki, ba ya ce mini komai, ni ma ba na ce masa. Ba ni da wani wuri a duniya da ya kai wannan. Na dubi dokin ƙofar, inda katakon ya goge daidai wurin da Yaya yake tsayawa. Akwai fili a gefensa na mutum ɗaya.

Sabon buroshin yana cikin gidan tabarau a kan audugar, na riga na kwantar da shi. Na tashi na fitar da shi, na mayar da gawar mazauninta, da ƙayar gam ɗin da ragowar gashin a ƙunshe cikin takarda. Ba don jarumta ba. Na tuna ne cewa abu na farko da Baba zai yi shi ne ya sa gashin a leɓensa, kuma leɓe ba a yi masa aiki ba.

Ni ba na iya magana a gaban Baba idan na yi laifi. Harshena yana naɗewa, in fara daga tsakiya, in ƙare da kuka. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan sanarwa, da niyyar in ajiye ta a kan tebur in danne da kwalbar mai, ni kuma in tafi gidan ƙawata har sai an neme ni. Ina kan shafin nan Mama ta bugo da dokokin likita. Kada ƙura ta taɓa shi. Kada ya sunkuya. Kada ruwa ya shiga idon. Kada ya karanta komai, ko da rubutun jikin kwalbar magani ne, har sati biyu.

"Amma ya ce daga mota ɗakin zane zai wuce," in ji ta. "Wai ba aiki zai yi ba, gaisawa kawai za su yi. Ki tabbata kin share."

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza.

Za a yi ta gobe Alhamis, a ɗakin zane, da zarar motar da ta ɗauko Baba ta iso, bayan ya zauna ya sha ruwa. Za a ajiye gawar a kan tebur, murfi a buɗe. Za a ajiye na kantin a gefenta, da sawun haƙoran da ba na Baba ba. Za a juyo da shugabar makaranta ta fuskanci jama'a. Wurin binnewa da lokacinsa mai shi ne kaɗai zai faɗa, haka kuma duk wani hukunci da ya biyo baya. Ba a karɓar gaisuwar ta'aziyya sai an ji daga gare shi. Gwaggo ta ba da uzuri, ta ce tana da wanki. Yaya ya ce zai rufe shago ya zo, zai tsaya inda ya saba.

Tun da mai shi ba zai iya karanta wannan takarda ba, za a karanta masa ita da baki, daga layin farko har zuwa nan, ba tsallake. Wadda ta rubuta ita za ta karanta. Idan muryarta ta ɗauke a tsakiya, ana roƙon mahalarta kada kowa ya karɓar mata. A jira ta.